Joseph Black, Likitan Da Ya Kama Iska

Duk wanda ya taɓa zuba ruwan tsamiya a kan kanwa ya ga yadda take kumfa. Kanwar nan da ake sayarwa a kasuwar Daura tana ɗauke da wata iska a ɓoye, tsami ne ke fito da ita. Sunanta kabon dayoksaid, kuma mutumin da ya fara bayyana halinta filla-filla shi ne Joseph Black.

An haife shi ranar 16 ga Afrilu, 1728, a birnin Bodo na ƙasar Faransa, inda mahaifinsa yake fatauci. Yana ɗan shekara 12 aka tura shi makaranta a Belfas, daga nan ya wuce Jami'ar Gilasgo a Sukotland. A can ya zama ɗalibin William Cullen, wanda ya sa masa son ilimin sinadarai. Ya kammala karatun likita a Edinbara a 1754.

A zamanin nan likitoci suna neman maganin tsakuwar mafitsara. Wannan ne ya sa Black ya shiga binciken wani farin gari mai suna maganisiya. Da ya gasa shi, ya ɗora a ma'auni, sai ya tarar kashi 7 cikin 12 na nauyinsa ya tafi. Ina ya tafi? Black ya gane cewa iska ce ta fita. Haka kuma ya gani a dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato.

Bai tsaya nan ba. Ya jiƙa ƙonannen dutsen, ya tace ruwan, ya bar iskar ta ratsa cikinsa. Ruwan ya koma fari kamar nono, domin ya shanye iskar ta sake zama dutse. Wato iskar da ta tsere ana iya kamo ta. Ya wallafa wannan bincike a 1756. Ya kuma nuna cewa ita ce ke fita daga garwashi, daga abin da ya yi tsami, da kuma numfashinmu.

A 1764 ya yi wani gwaji a wata majami'a a Gilasgo, inda mutane wajen 1,500 suka yi awa 10 suna sujada. Ya sa tsummoki a kafar da iska ke fita ta rufin, ruwan soda irin ta yin sabulu yana ɗiga a kansu. Sodar ta tsotse iskar numfashin jama'a har ta daskare ta zama gishirin soda.

Black ya koyar a Gilasgo daga 1756, ya koma Edinbara a 1766. Ya yi bincike kan zafi da tururi, ya kuma yi abota da James Watt mai gyaran injin tururi. Bai taɓa aure ba. Ya rasu ranar 6 ga Disamba, 1799, yana zaune a kujera, da ƙoƙon madara a gwiwarsa ko ɗigo bai zube ba.

Dabararsa tana aiki har yau. A 1930 Robert Bottoms na Amurka ya fito da hanyar wanke iska da ruwan sinadarin amin: ruwan ya sha kabon dayoksaid, a dafa shi ya sake ta, a sake amfani da shi. Da irin wannan hanya ake tace iskar gas a Boni ta Jihar Ribas. A Nowe kuwa, tun 1996 ake raba ta da gas ana dannawa ƙarƙashin teku. Dalili shi ne, yawanta a sama yana ƙara wa duniya zafi, kuma manomin Daura, Baure ko Mai'aduwa da ke zaune a bakin hamada yana cikin waɗanda abin zai fi shafa.

Ya ku ɗalibai, kayan aikin Black ba su wuce ma'auni, wuta da haƙuri ba. Ya auna kafin gashi, ya auna bayan gashi, ya ƙi barin bambancin ya wuce ba tare da dalili ba. Ranar da malami ya ba ku bututu ku hura cikin ruwan farar ƙasa a ɗakin gwaji, ku duba da kyau: gwajin Black ne a hannunku.