Oliver Heaviside, mai raunin ji da ya gyara muryar waya

Duk sanda na zana wa ɗalibaina layin nan da ke kwance kan sifiri sannan ya yi tsalle zuwa ɗaya, Oliver Heaviside nake tunawa, don sunansa aka sa wa layin. Ma'anarsa dai: na'ura ba ta amsawa kafin a kunna ta.

A Landan aka haife shi a 1850. Zazzaɓi ya taɓa masa ji, ya bar makaranta yana shekara 16, ya kama aikin wayar tangarahu, ya koya wa kansa lissafi. Ya gano yadda za a hana saƙo dagulewa a doguwar waya, amma manyan gidan waya suka yi biris da shi. Michael Pupin ne ya ci ribar dabarar a Amurka. Kai, abin da ciwo! Ya mutu a Torquay a 1925, hannu babu komai.