Sarauniya Mangu ta Lugu

Kakanninmu ba su koyar da hali da dogon bayani. Mutum suke nuna wa yaro, ya bi sawunsa. A ƙasar Arewa, wajen Dogondutsi, idan ana zancen tsayuwar zuciya, Mangu ake nunawa.

Sarauniya ba sunanta ba ne, sarauta ce ta Aznan Lugu. Idan wadda ke kai ta rasu, gawarta ake ɗauka ta nuna magajiya. Don haka Mangu gado ta tarar: riƙon al'ada, da amanar dutsen Tunguma mai yanke shari'a.

A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta iso, tana ƙone garuruwa. Mangu ta ƙi miƙa wuya. Maharbanta sunka tari bindiga da baka, sannan sunka janye cikin kurmi. An ƙone Lugu, amma ba a kama ta ba. A watan Yuli, kusa da Tasawa, sojojinsu da kansu sunka kashe Nasaran biyu.

Ɗiyanmu na lakkol sun san ta ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin 1986. Mu malamai kanmu, abin kunya, a can munka fara saninta, ba a bakin tsofaffi ba.