Ignaz Semmelweis: Likitan Da Ya Gano Cewa Hannu Na Ɗaukar Cuta

Idan an taɓa tura ɗan uwanku daga Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa babban asibiti a Kano, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, kun san ba a shiga wurinsa sai an wanke hannu. Wannan doka ta samo asali daga wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis.

An haife shi a Buda a 1818. A 1846 ya kama aiki a sashen haihuwa na babban asibitin Biyana, ƙasar Ostiriya. Sashen ɓangare biyu ne: ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. Zazzaɓin bayan haihuwa ya fi kashe mata nesa ba kusa ba a ɓangaren likitoci.

A 1847 abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙa ta yanke shi wajen binciken gawa, da alamu irin na matan. Nan Semmelweis ya gane bakin zaren: likitoci na tashi daga kan gawa su duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin ɗari a Afrilu suka sauko zuwa kusan kashi 2 cikin 'yan watanni.

Duk da haka manyan likitoci da yawa suka yi watsi da shi, don a lokacin ba a yarda ƙwayoyin cuta ne ke jawo ciwo ba. Ya wallafa littafinsa a 1861, ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a 1865, yana da shekara 47.

Yau darasinsa ya ƙara nauyi. Akwai ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma sun fi haɗari ga mara lafiyar da ke kan na'urar numfashi ko mai robar fitsari. Hannu na cikin manyan hanyoyin da suke bi daga gado zuwa gado.

Don haka ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa mara lafiya da bayan kun taɓa shi. Kada ku taɓa robobin jikinsa. Ku gaya wa likita duk maganin da ya sha a gida. In kun ga ma'aikaci ya manta, ku tuna masa cikin ladabi.