Luke Short, Mai Gidan Giya a Dodge City

Duk wanda ya taɓa kallon kaboyi a silima ya ji sunan Dodge City. Gari ne a jihar Kansas ta Amurka, jirgin ƙasa ne ya raya shi, kamar dai Kafanchan tamu. Dogo ya isa can a 1872, makiyaya suka riƙa koro shanu tun daga Texas zuwa tasha. In sun karɓi kuɗinsu sai gidan giya da caca. Luke Short yana cikin masu irin gidajen nan.

An haife shi a 1854. Ɗan tsurut ne, ga son ado, baƙo ya gan shi sai ya raina. Haka Charlie Storms ya yi a Tombstone a 1881, kan gardamar caca. Ya kai hannu ga libarba, Short ya riga shi. Hukuma ta ce kare kansa ya yi.

To, babbar rigimarsa ta ciniki ce. A 1883 yana da rabi a gidan Long Branch. Sabon magajin gari, Larry Deger, ya kafa doka, aka kama mata masu waƙa a gidan Short, aka ƙyale na abokan hamayyarsa. Short ya yi musayar wuta da ɗan sanda, ba wanda ya sami wani, aka kore shi daga gari. Ya kai ƙara wurin Gwamna, ya kuma kira abokansa, su Wyatt Earp da Bat Masterson. Da manyan gari suka ga baƙin fuskoki sun cika titi, ai sai aka nemi sulhu. Wai yaƙi ake kiran wannan, alhali ko kaza ba ta mutu ba!

Daga nan ya koma Fort Worth, gidan White Elephant. Akwai Jim Courtright a can, tsohon shugaban 'yan sandan garin, mai bin gidajen caca yana karɓar kuɗi da sunan tsaro. Short ya hana. Ran 8 ga Fabrairu 1887 suka haɗu a ƙofar gida, Courtright ya faɗi. Nan ma aka sallami Short.

Shi kuwa ciwon kumburi ya kashe shi bisa gado a 1893, yana da shekara 39. Maƙabarta ɗaya aka sa su da Courtright, ta Oakwood.