Yaye Hijabi ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo

Bismillahi, salati da sallama ga Annabi. Amma ba'adu, ya ku ikhwanu masu neman halali a masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, ku sani an haifi Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da shi, a Maratta shekara ta 1168 Hijira, 1754. Ya tashi a Degel, ya yi tafiya zuwa ga Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya durƙusa gabansa, ya ɗauki ilimi daga bakinsa. Da ya cika shekara 36, bisa abin da ya hakaito da kansa, Allah Ya yaye masa hijabi daga gani da ji da shaƙa da ɗanɗano, har nesa ta zame masa kamar kusa. Da ya kai 40 aka ɗaura masa takobin gaskiya ta hannun Sidi Abdulƙadiri. Ya rasu a Sakkwato 1232, 1817.

Ya kai muridi, gaɓɓanka amana ne, za a tambaye ka su. Idan ka tashi daga ƙarar inji, ajiye waya, je ka zauna gaban shaihinka, ka riƙe wuridinka da harshenka. Tammat bihamdillahi.