Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar gwamnati kafin Firayim Minista

Duk lokacin da aka ambaci marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko. Ni kuwa a ganina, kafin a yi batun mulkinsa, ya kamata a tuna cewa makarantar gwamnati ce ta yi shi, kuma a cikinta ya kwashe shekarun ƙuruciyarsa yana riƙe da alli.

An haife shi a shekarar 1912 a ƙasar Bauchi. Mahaifinsa ba sarki ba ne, ba kuma attajiri ba. Hidimar hakimi yake yi. Bayan karatun allo, ya shiga elementare a garin Tafawa Ɓalewa, daga nan ya zarce makarantar lardi a Bauchi. A 1928 aka ɗauke shi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malamai, kuma wadda Ahmadu Bello ya riga shi shiga. Can ne ya goge a harshen Ingilishi, har daga baya lafazinsa ya sa Turawa kansu suka riƙa jinjina masa.

Da ya kammala a 1933, sai ya koma Bauchi ya kama koyarwa a makarantar Midil. A wannan lokaci ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga da Hausar boko. Ya yi ta hawa har ya zama hedimasta, kuma Malam Aminu Kano na daga cikin malaman da suka yi aiki tare da shi. Su da Malam Sa'adu Zungur ne suka raya zauren tattaunawa na Bauchi, inda aka soma yi wa mulkin En'e tambayoyin da a da babu mai iya furta su. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilmin koyarwa. Da ya dawo, siyasa ta ɗauke shi: Majalisar Dokoki a Legas a 1947, minista a 1952, Firayim Minista a 1957. Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka binne shi a Bauchi.

Gaskiya ne Kwalejin Katsina 'yan ƙalilan take ɗauka, da yawansu 'ya'yan sarauta, babu kuma 'ya mace ko ɗaya. Amma duk da ƙuncin ƙofarta, ɗan talaka mai hazaƙa yakan kutsa, idan kuwa ya shiga, malami ɗaya ne da kwano ɗaya tsakaninsa da ɗan sarki. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, aka kuma sa mata suna Barewa a 1971. Baya ga Ɓalewa, ta yaye Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa, dukkansu sun shugabanci ƙasar nan.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. Akasarinmu da muke kan kujeru a yau irin waɗannan makarantu ne suka ɗora mu, amma mun kwashe 'ya'yanmu zuwa makarantun kuɗi, mun bar na gwamnati ga waɗanda ba su da zaɓi. Inda ɗan mai faɗa-a-ji ba ya kwana, wa zai damu da rufin da ke yoyo ko albashin malamin da ya makara?

Idan muna son girmama Ɓalewa, sa sunansa a filin wasa da jami'a bai wadatar ba. Kowa ya waiwayi tsohuwar makarantarsa, ya tambayi kansa ko ɗan mai yi wa hakimi hidima zai iya fitowa daga cikinta yau ya zama wani abu. Allah Ya jiƙan Malam Abubakar, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.