Ibnu Sina Da Ciwace-Ciwacen Ƙwaƙwalwa

 Za mu kawo muku tarihin Abu Aliyu Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibnu Sina, ake kuma yi masa laƙabi da Asshaihur Ra'is, watau shugaban malamai. Mun zaɓe shi ne saboda abin da ya rubuta a kan ƙwaƙwalwa da ciwace-ciwacenta, don kuwa har gobe akwai gidajen da in mutum ya faɗi da farfaɗiya, ko hankalinsa ya taɓu, sai a ɓoye shi a ƙurya, ba a ko tunanin likita.

An haife shi cikin shekara ta 370 bayan Hijira, daidai da 980 Miladiyya, a wani ƙauye da ake kira Afshana kusa da birnin Buhara, cikin ƙasar da ake kira Uzbekistan a yau. Mahaifinsa mutumin Balhu ne, ma'aikacin daular Samaniyawa. Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani, sa'an nan ya ɗauki fiƙihu a wurin Malam Isma'ila Azzahid, ya koyi lissafi a wurin wani mai sayar da kayan lambu, ya kuma karanta manɗiƙi a wurin Abu Abdullahi Annatili. Shi da kansa ya gaya wa almajirinsa Aljuzjani, wanda ya rubuta tarihinsa, cewa in mas'ala ta shige masa duhu sai ya nufi masallaci ya yi salla, ya roƙi Allah Ya buɗe masa ita.

Yana ɗan shekara 16 ya riga ya ƙware a ilmin likita har manyan likitoci suna zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Ana nan sai Sarkin Buhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kwanta ciwo, aka kira saurayin cikin masu jinyarsa. Da sarki ya sami sauƙi, abin da Ibnu Sina ya roƙa shi ne izinin shiga ɗakin littattafan fada, inda ya karanta littattafan da bai taɓa jin ko sunansu ba.

Sai dai zaman lafiyar bai daɗe ba. Daular Samaniyawa ta rushe cikin 999, mahaifinsa kuma ya rasu, sai ya shiga yawon duniya daga wannan fada zuwa waccan. Ya zauna Hawarizma, ya wuce Jurjan, inda ya fara rubuta babban littafinsa na likitanci mai suna Alƙanun Fiɗ Ɗibbi. Daga nan ya tafi Rayyu, ya yi jinyar Sarki Majdud Daula, wanda ciwon baƙin rai ya kama. Ya koma Hamadan, ya warkar da Sarki Shamsud Daula daga murɗar ciki, aka naɗa shi waziri har sau biyu. Da rana yana aikin mulki, da dare almajirai su taru a gidansa ana karatu. Bayan rasuwar wannan sarki cikin 1021 aka kulle shi wata huɗu a gidan yarin Fardajan, daga baya ya sulale cikin kayan sufaye zuwa Isfahan, wurin Sarki Ala'ud Daula. A cikin wannan faɗi-tashi ne ya kammala Alƙanun, wajen shekara ta 1025.

Littafin kashi biyar ne. Kashi na uku shi ne ya bi cututtukan gaɓoɓi tun daga kai har ƙafa, ya kuwa fara da ƙwaƙwalwa. A nan ya yi bayanin ciwon kai iri-iri, da jiri, da rashin barci, da mantuwa, da farfaɗiya, da bugun da ke kayar da mutum nan take ya ɗauke masa ji da motsi, da shanyewar ɓarin jiki, da karkacewar baki, da karkarwa. Ya siffanta wani kumburi mai zafi da ke kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda ke zuwa da zazzaɓi mai tsanani da sambatu, har masana tarihin likitanci suna ganin sanƙarau na cikin abin da yake nufi. Wannan ciwo kuwa mu nan mun san shi, don annobarsa ta 1996 ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya. Abin lura shi ne, a cikin wannan babi ɗaya ya sa hauka da baƙin rai da ciwon bege. Watau a wurinsa taɓin hankali ciwo ne kamar sauran ciwace-ciwace, yana da mazauni a jiki, yana da alamomi, yana da magani.

To, yaya ya ɗauki maganar aljanu? Ya ambata cewa waɗansu likitoci suna ganin ciwon baƙin rai na iya zuwa ta hanyar aljanu. Bai tsaya gardama a kan haka ba. Abin da ya nuna shi ne, mai koyon likita ba ruwansa da wannan taƙaddama, domin ko da aljanin ne ya jawo ciwon, to, ta hanyar ɓata yanayin jiki zai jawo shi, wannan ɓacin kuwa shi ne sanadi na kusa, shi ne kuma likita zai yi wa magani. Likitocin wancan zamani suna cewa jiki yana tafiya ne a kan ruwa huɗu, jini da majina da safara'u da sauda'u, suna danganta baƙin rai ga yawan sauda'u, wani baƙin ruwa da suke cewa saifa ce matattararsa. Bincike ya riga ya ture wannan bayani, amma ƙa'idar da ya kafa tana nan daram: a nemi sanadin da hannu zai iya kai wa gare shi, a yi masa magani.

Akwai wani labari da wani marubucin Farisa mai suna Nizami Aruli ya kawo fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa. Wai wani ɗan sarki ne ciwo ya juya wa hankali har ya ɗauka shi saniya ne, ya ƙi ci ya ƙi sha, kullum yana kuka irin na shanu yana neman a yanka shi a yi farfesu da namansa. Da aka gaya wa Ibnu Sina, sai ya aika a yi wa marar lafiya albishir cewa mahauci na tafe. Ya iso riƙe da wuƙa, ya sa aka ɗaure shi aka kayar, ya lallatsa haƙarƙarinsa yadda mahauta ke yi, sa'an nan ya ce wannan saniya ta rame ƙwarai, ba ta isa yanka ba sai an yi kiwonta ta yi ƙiba. Jin haka sai ɗan sarki ya kama cin abinci hannu baka hannu ƙwarya, ana haɗa masa da magani, har ƙarfinsa ya dawo, hankalinsa ya komo. Labarin yana nuna yadda mutanen da suka biyo bayansa suka san shi: likita ne mai shiga tunanin marar lafiya da dabara, ba mai sa a yi masa bulala ba.

Haka kuma cikin kashi na biyu na littafin ya jera sharuɗɗa bakwai na jarraba magani. Daga cikinsu akwai cewa a gwada shi a kan ciwo guda wanda bai cakuɗu da wani ba, a fara da kaɗan, a lura da lokacin da amfaninsa ya bayyana, a tabbata yana aiki kullum ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dace ne kurum, sa'an nan a gane cewa abin da ya yi wa zaki ko doki ba lalle ne ya yi wa mutum ba. Duk mai sayen maganin farfaɗiya a bakin kasuwa don an ce wane ya sha ya warke, ya kamata ya auna kansa da waɗannan sharuɗɗa.

Ba mu ce duk abin da ya faɗa daidai ne ba. Ya bi Jalinusa, likitan Yunaniyawa, a kan cewa jijiyoyin da ke fita daga ƙwaƙwalwa tagwaye bakwai ne, alhali yau an ƙidaya goma sha biyu. Ya ɗauka cewa tattara abin da ido da kunne suka kawo, da tunani, da ajiyar abin da aka sani, suna gudana ne cikin kogunan nan uku na ƙwaƙwalwa, na gaba da na tsakiya da na baya. Yanzu an gane ruwa ne cikin waɗannan koguna, aikin kuwa ƙwayoyin jijiya ne ke yin sa, waɗanda yawansu ya kai kimanin biliyan 86. Cikin 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara auna wutar da ke gudana a ƙwaƙwalwar mutum, da irin na'urarsa ne kuma ake ganin yadda farfaɗiya ke tasowa daga rikicewar wannan wuta. Duk da haka, tunanin cewa kowane aiki na hankali yana da wurinsa a ƙwaƙwalwa, in wurin ya taɓu aikin ya taɓu, shi ne har yau ake bincike a kansa. Wani malami, Jirar mutumin Kirimona, ya fassara Alƙanun zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila ta Andalus cikin ƙarni na 12, aka yi ta karantar da shi a waɗansu jami'o'in Turai har wajen 1650.

Wajibi ne kuma mu faɗa cewa malaman Musulunci sun yi masa raddi a fagen falsafa. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 505 bayan Hijira, ya yi suka mai tsanani ga ra'ayinsa a kan dawwamar duniya, da sanin Allah ga ƙananan al'amura, da tashin jikkuna ran ƙiyama. Amma shi Gazalin ne kuma ya lissafa ilmin likita cikin farillan kifaya. Saboda haka a bar masa kurensa na falsafa, a ɗauki likitancinsa.

A ƙarshen rayuwarsa murɗar ciki ta kama shi yana tare da rundunar Ala'ud Daula. Ya matsa wa kansa da magani har hanjinsa ya yi rauni, har ma farfaɗiyar da ya yi bayaninta a littafi ta taɓa shi cikin wannan jinya. Masu tarihi sun ce da ya ga alamar tafiya sai ya yi wanka ya tuba, ya yi sadaka da dukiyarsa, ya 'yanta bayinsa, ya riƙa sauke Alƙur'ani kowane kwana uku. Ya rasu a Hamadan cikin watan Ramalan na 428, daidai da 1037, yana da shekara 58 a lissafin Hijira. Kabarinsa na can har yanzu.

Jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suka riƙe shi. Ba a ɗaukar ta ta miyau ko ta taɓawa. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta ko ruwa, a tallafi kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Wanda kuwa bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya mutu farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'a. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mace mai farfaɗiya da ta kai kukanta ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai guje ta ba, ya yi mata albishir da Aljanna a kan haƙurinta, ya kuma yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa. Mu yi addu'a, mu kuma nemi magani, don ɗaya ba ya hana ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya gafarta wa magabatanmu kurakuransu.